Wa Ke Ciyar da Makaɗi? Sana'ar Ƙungiyoyin Kiɗa a Gabashin Sakkwato



Masana adabi sun daɗe suna feɗe waƙoƙin makaɗanmu, suna fito da jigo da salo da azanci, kuma sun yi aikin da ya cancanci yabo. Tambayar da na zo da ita yau irin ta 'yan kasuwa ce. Ga mutum goma ko fiye, magidanta masu iyali, suna bin mutum guda da kotso ko taushi ko kalangu shekara da shekaru. Shin wa ke ciyar da su? Da me ake biyansu? Me kuma ke samunsu ran da mai biyan ya kau? Zan tsaya a ƙasar da ke gabas da birnin Sakkwato, watau Wurno da Rabah da Goronyo da maƙwabtansu, amma zan riƙa leƙa wata ƙungiyar kiɗa ta Turawa, domin wani lokaci sai mutum ya dubi gidan wani yake gane inda nasa ke yoyo.

Ƙungiyar da nake nufi ita ce ta 'yan goge huɗu, wadda Turawa ke kira kwatet. Akwai ƙananan goge biyu, da matsakaici guda, da wani babba mai kaurin murya wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ba mawaƙi, ba ganga. Kiɗa ne na zaure, na mutane kaɗan masu kunne. Dalilin da ya sa na zaɓe ta shi ne lissafinta a rubuce yake: akwai takardun yarjejeniya da na albashi na fiye da shekara 250, alhali namu lissafin yana cikin kawunan tsofaffi.

Wani zai ce, to ai mu ma muna da goge, da kukuma, da garaya, da molo, me zai hana a kwatanta tsirkiya da tsirkiya? Amsar tana Wurno. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa al'adun sarakunan Haɓe da ya ƙi, daga cikinsu har da shagala da ganguna da kayan kiɗa masu tsirkiya dare da rana ba tare da wata manufa ta shari'a ba. Ya yarda da buga tambari don tara runduna da makamantan haka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Wurno ta zama ribaɗi, ya zauna a cikinta, kuma a nan aka binne shi a 1837, a kan wannan tafarki ya tashi. Saboda haka a ƙasar nan goge bai sami wurin zama a ƙofar fada ba. Ya koma wajen 'yan bori da gidajen magajiya da dandalin samari. Wanda ya tsallaka arewa zuwa Tsibiri da Maraɗi, inda zuriyar sarakunan Gobir da Katsina suka kafa sababbin birane, zai tarar da shi da sauran mutunci. A Yendi ta ƙasar Gana kuwa, 'yan goge makaɗan fadar Sarkin Dagomba ne, kuma gado suke yi. Ashe ba itacen da gashin wutsiyar doki ne ke ba kayan kiɗa daraja ko su hana shi ba. Wanda ke biyan makaɗin ne.

Amma fada ba ta zama babu kiɗa. Sannu a hankali taushi da kotso suka cike gurbin, har ya zama Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, yana da nasa Sarkin Taushi, watau Salihu Jankiɗi. A Isa, gabas da Goronyo, Ibrahim Narambaɗa ya riƙe ƙofar Sarkin Gobir Amadu. Sa'idu Faru ya riƙe ta Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu a Talatar Mafara. Waɗannan ƙungiyoyi su ne takwarorin kwatet ta fuskar sana'a: mutane kaɗan ne, gwanaye, waɗanda suka daɗe tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa, suna yin kiɗa mai wuyar koyo domin kunnen manya.

To, bari mu duba yadda aka biya su.

A 1761 wani makaɗi mai suna Joseph Haydn, wanda ake ɗauka shi ne uban kiɗan kwatet, ya sa hannu a takardar aiki da gidan sarautar Esterhazy a daular Ostiriya. Takardar ta ce zai riƙa sa tufafin barorin gidan, zai zo zaure kullum ya ji ko maigida na bukatar kiɗa, kuma duk abin da ya tsara na maigida ne, ba shi da ikon ba wani. Bayan kuɗi, daga baya har alkama da itacen wuta ake auna masa. Duk wanda ya san zaman makaɗin fada a ƙasar Hausa zai ce ai wannan namu ne. Sarki ko hakimi shi ke ba makaɗinsa gida da gona, ya aika masa da damman gero da kaka, ya yi masa riga da rawani da salla, in waƙa ta yi daɗi ya ba shi doki da sirdinsa. Yakan yi masa aure, ya yanka ragon sunan ɗansa. Shi kuwa makaɗin ba ya yi wa wani basarake waƙa sai da iznin ubangidansa, kuma in ubangidan na da abokin hamayya, aikin makaɗin ne ya yi masa zambo.

Bambanci guda ne, amma babba ne. Abin da aka ba Haydn albashi ne, an yanka shi, an rubuta. Abin da ake ba makaɗin fada kuwa kyauta ce. Kyauta tana iya fin albashi nesa ba kusa ba. Doki guda ya fi abin da malamin makaranta zai samu a watanni. Sai dai ba a cinikinta, ba a bin bashinta, kuma ba a san ranar zuwanta ba. Hasali ma kalmar da muke kiran sana'ar da ita ta tona asirin: roƙo. Masanin nan M. G. Smith, a nazarin da ya buga a 1957 kan maroƙan Hausa, ya nuna yadda al'umma ke bukatar maroƙi don ya tabbatar wa kowa matsayinsa, sa'an nan ta ajiye shi can ƙasa a jerin masu sana'a. Mutumin da aka ɗauka roƙo yake yi ba shi da bakin da zai ce ga farashin aikinsa.

A cikin ƙungiyar ma haka abin yake. Akwai jagora, shi ke tsara waƙa, shi ke da suna. Akwai 'yan amshi, waɗanda a nan Sakkwato ake ce wa 'yan karɓi, su ne kuma ke riƙe da kayan kiɗan a ƙungiyoyin kotso da taushi. Akwai sanƙira mai kirari da isar da magana. In an dawo daga wasa jagora ke rabo, kasonsa ya fi na kowa, sauran kuma gwargwadon daɗewa da muƙami. Amma kada mu yi saurin cewa zalunci ne, gama shi ne kuma ke ɗauke da cinsu da suturarsu da hidimar iyalansu in babu wasa. Watau jagora ubangida ne ga yaransa kamar yadda sarki yake ubangida gare shi. Kuma ina roƙon ɗalibai su lura da 'yan amshin nan. Waƙar fada ba a rubuce take ba. Jagora yakan kawo ɗiyan waƙa, a yi ta bita da dare har ta zauna, kuma sau da yawa 'yan amshi ke ƙarasa masa magana in ya fara. Su ne ɗakin ajiyar littattafan ƙungiya, ga shi kuwa ba safai ake sanin sunayensu ba.

Ba dukan makaɗa ne suka dogara ga fada ba, kuma a nan ne ƙasar da muke magana a kanta take da abin nunawa. Fadamar Rima, daga Goronyo ta biyo Wurno, ƙasa ce ta shinkafa da albasa da tafarnuwa. Inda manomi ke samun kuɗi a hannu, nan makaɗin jama'a ke samun abinci. Da damina akwai kiɗan noma wajen gayya. Da kaka, in an shigar da amfani, sai fagen dambe da kokawa su buɗe, bukukuwa su yawaita, kasuwanni irin su Acida da Goronyo su cika. Muhammadu Bawa Ɗan'anace, wanda ya zauna a Gandi cikin ƙasar Rabah, a wannan fage ya yi suna da kalangunsa, musamman da waƙar da ya yi wa ɗan damben nan Shago. Ubangidan irin wannan makaɗi taro ne. Ɗan dambe ya ba shi, mahauta su ba shi, 'yan kallo su yi kari. Ya fi makaɗin fada 'yanci, domin ba mutum guda ke riƙe da wuyansa ba, amma arzikinsa na bin ruwan sama: shekarar fari, irin ta 1973 da ta 1984, makaɗi na cikin waɗanda ake fara mantawa da su. Shi ma dai kyauta yake karɓa. Ko da aka fara kewaye fagen dambe ana karɓar kuɗin ƙofa, kuɗin na mai shirya wasa ne, makaɗi na jiran abin da za a miƙo masa.

Yanzu sai mu koma ga tambaya ta uku, watau ran da mai biya ya kau.

A 1808 tsohon jakadan Rasha a birnin Biyana, wani attajiri mai suna Razumovsky, ya ɗauki 'yan goge huɗu a ƙarƙashin Ignaz Schuppanzigh ya ajiye su a gidansa da albashi. Su ne suka riƙa kaɗa abin da Beethoven ya tsara. A daren ƙarshe na shekarar 1814 gobara ta cinye fadar jakadan, dukiyarsa ta karye, ba a daɗe ba ƙungiyar ta watse, Schuppanzigh ya tafi Rasha neman abinci, bai dawo ba sai 1823. Mu ma mun ga irin wannan. Sir Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, wanda ya zama hakiminta a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, shi ne ubangidan makaɗa mafi girma da ƙasar nan ta gani a zamaninsa. Shi ya jawo Musa Ɗanƙwairo daga ƙasar Maradun, ya fito da shi daga ƙofar hakimi guda zuwa idon Arewa duka. Ran 15 ga Janairu 1966 aka kashe Sardauna a Kaduna.

Ɗanƙwairo bai watse ba, kuma yadda ya tsira abin nazari ne. Ya ƙi sake ɗaura kansa ga mutum guda. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, ya yi wa attajirai, har ya rasu a 1991. A harshen 'yan kasuwa, ya rarraba jarinsa. Ga shi kuma ya fito daga gidan kiɗa, ya yi wa wansa Abdu Kurna Daudun kiɗi kafin ya ja tasa ƙungiya, 'ya'yansa kuma na cikin 'yan amshinsa, don haka akwai jini da ke riƙe da su in kuɗi ya yanke. Haka Sani Aliyu Ɗandawo ya gaji mahaifinsa a Yawuri. Inda babu magaji mai murya da basira kuwa, ƙungiya takan bi jagoranta kabari, 'yan amshi su koma gona.

Turawa sun fita daga wannan rami ta hanyoyin da ya kamata mu duba da kyau. Tun a 1779 Haydn ya sami sabuwar yarjejeniya wadda ta ba shi damar sayar da aikinsa, kuma da yake kiɗansu a rubuce yake, sai ya zama haja: a 1781 ya rubuta wa masu hali wasiƙu yana tallar sababbin kwatet guda 6, a shekara mai biye aka buga su a Biyana. Schuppanzigh, tun wajen 1804, ya gwada shirya wasa inda mutane ke biyan kuɗin zama tun kafin ranar. A 1831 wasu 'yan'uwa huɗu, 'ya'yan gidan Müller, suka bar hidimar sarkin Brunswick a Jamus, suka shiga yawon birane suna kaɗawa a biya su. A ƙarni na 20 ƙungiyar Budapest, wadda ta rayu daga 1917 zuwa 1967, ta shahara da raba kuɗi daidai wa daida tsakanin mutum huɗun, da yanke shawara ta hanyar ƙuri'a. Ƙungiya ta tashi daga gidan mutum guda ta zama kamfanin abokan tarayya, in ɗaya ya tsufa a ɗauko wani, suna na nan.

Amma ga abin da masu yabon kasuwa ba su cika faɗa ba. Kuɗin ƙofa kaɗai bai taɓa riƙe wannan kiɗa ba, domin masu sauraronsa ba su da yawa. Ƙungiyar Flonzaley, wadda aka kafa a 1902, wani mai banki ne a Amurka, Edward de Coppet, ya ɗauki nauyinta don mutanenta su bar kowane aiki su tsaya ga bita. A 1940 yaƙi ya rutsa da ƙungiyar Pro Arte ta Beljiyam tana Amurka, ba halin komawa gida, sai Jami'ar Wisconsin ta ɗauke su, ta ba su albashi, su koyar su kuma yi wasa. Mutanen farko duk sun mutu, ƙungiyar tana nan a jami'ar har yau, kuma jami'o'i da yawa sun kwaikwayi wannan tsari. Watau kwatet bai rabu da ubangida ba. Ya dai sauya ubangida mai mutuwa da wanda ba ya mutuwa, ya kuma sa an rubuta abin da ke tsakaninsu.

Mu kuwa sauyin da ya zo mana ta wata fuska ya zo. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da baitulmali. Hakimin da a dā haraji da jangali ke bi ta hannunsa ya koma mai jiran albashi a ƙarshen wata, ga shi al'ada ba ta sauke masa nauyin makaɗa da dogarai da baƙi ba. Aljihun da ya ciyar da taushi da kotso ya tsuke.

An yi zaton na'ura za ta cike gurbin. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, shi ya kai muryar makaɗan ƙauyukan Sakkwato har Gana da Kamaru da Sudan, daga baya gidan rediyon Rima ya biyo. Kamfanoni irin su EMI sun buga faifai, sa'an nan kaset ya zo ya shiga kowace tasha da kowace rumfar mai shayi. Makaɗi ya sami suna, sunan kuma ya jawo masa gayyata, wannan gaskiya ne. Amma yawanci biya ɗaya ake yi masa ranar ɗauka, mai kwafar kaset a kasuwa kuwa ba ya biyan kowa. An yi dokar haƙƙin mallaka a 1970, an sake ta a 1988, an kuma sake a 2022, duk da haka ku tambayi kanku: waƙoƙin Narambaɗa da na Ɗan'anace da ke yawo yau a wayoyin hannu da YouTube, nawa ke isa ga iyalansu, balle iyalan 'yan amshinsu? Mutumin da ya saba da kyauta, in an ce masa za a sa muryarsa a rediyo, godiya yake yi. Al'adar da ta ɗaukaka shi a fada ita ta sa aka ci shi da arha a kasuwa.

Daga shekarun 1990 kuma sai fiyano da ɗakin ɗaukar sauti suka zo. Yaro guda da kwamfuta yana fitar da amon da a dā sai mutum goma. Ba na cikin masu zagin wannan; sana'a ce, kuma akwai masu basira a cikinta. Ina dai nuna lissafi ne: mai gayya ba zai ciyar da mutum goma da motarsu ba in mutum biyu za su isar masa. Ubangidan da ya rage mai kyauta da yawa shi ne ɗan siyasa, wanda wa'adinsa shekara 4 ne, bukatarsa kuma waƙar da za a gama cikin mako. Ba a gina ƙungiyar da sai ta shekara 20 tare kafin ta nuna a kan irin wannan.

Fagen jama'a ma, wanda ya riƙe su Ɗan'anace, ya sami nasa rauni. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi, mutanen ƙauyuka suka kwararo Gandi gudun hijira. A watan Oktoba na 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe mutane da dama. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama a 1984, an gina ta ne don noman rani ya bunƙasa a kwarin Rima, amma manomin da ke tsoron zuwa gonarsa ba ya kiran makaɗi, kuma ba a wasan dare a garin da ake kwana da ido ɗaya.

Saboda haka ina da magana da ma'aikatan da ke zauren nan, da kuma hukumar jami'a. Mun iya karrama makaɗa: Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Digiri kuwa ba ya sayen fatar kotso. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da cibiyar nazarin Hausa, jiha kuma tana da hukumar tarihi da al'adu. Ba abin da zai hana a ɗauki ƙungiyar taushi guda da ta kotso guda, jagora da 'yan amshinsa duka, a rubuta musu yarjejeniya ta shekara 5, kowa da sunansa da albashinsa, aikinsu su koyar da masu so, su maido da tsofaffin waƙoƙi a ɗauka da bayaninsu, su kuma tsara sababbi. Kuɗin ba zai kai na motar babban jami'i guda ba. Wannan dabam yake da tara 'yan rawa ranar da baƙo ya zo, a sallame su da yamma.

Na san abin da za a ce. Za a ce makaɗin da ke jiran albashi zai yi sanyi, domin yunwa da kwaɗayin doki su ne suka wasa harshen magabatansa, kuma waƙar fada in babu sarkin da ake yi wa, da abokin gabar da ake yi wa zambo, ta zama gangar jiki ba rai. Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuwa raina ta ba. Sai dai yarjejeniyar ba za ta hana su zuwa ƙofar Sarkin Sudan na Wurno ko ta Sarkin Rabah da salla ba, kamar yadda 'yan kwatet na jami'a ke fita yawon wasa in an yi hutu. Za a kuma ce malamai ba za su so ba. Wannan muhawara ta girme mu duka, tun Shehu da ƙanensa Abdullahi suna raye ake yin ta, kuma ba ta hana Sarkin Musulmi naɗa Sarkin Taushi ba.

Wanda za a fara nema, in an yarda, ba jagora ba ne. Tsofaffin 'yan amshi ne, waɗanda suka zauna a bayan manyan makaɗan nan a shekarun 1970 da 1980, suka san inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta, da ma'anar sunayen da ke cikin waƙoƙin. Wanda yake ɗan shekara 25 a 1980 yau ya ba 65 baya. Suna nan a ƙauyukan Sakkwato da Zamfara, wasunsu a sansanonin gudun hijira, kuma ɗaliban da ke zauren nan, 'yan Wurno da Rabah da Goronyo, sun fi kowa sanin ƙofar gidajensu.